BAKIN TEKUN DA INNA TA SANI

Wasunku sun aiko suna tambaya ko lafiya suka ji ni shiru, ci gaban littafin da na yi alkawari bai fito ba. Lafiya lau, tafiya ce ta kama ni, kuma labarin tafiyar nake so in ɗan gutsura muku a nan, ko Allah zai sa wata mai niyyar irinta ta amfana.

Tun ina 'yar sakandare nake da burin in ga teku da idona. Kar ku yi mini dariya, a littafina na farko akwai inda na kai jarumin da amaryarsa bakin teku a Legas, na zaunar da su suna wasa da ƙafafunsu a ruwa, ruwan kwance luf kamar na cikin randa, har amaryar ta kamfata ta kurɓa. Alhali kuwa a lokacin iyakar babban ruwan da na taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga, ran da aka kai mu daga makaranta. Babu wanda ya tsare ni a kan wannan katoɓara sai Yayana da ke zaune a Agege. Ya bugo waya yana dariya har da tari, ya ce, "Ke yanzu ruwan gishirin kika ɗirka wa 'yar mutane?"

To da dogon hutun 2025 ya zo, na kwashi adashena, na haɗa da ɗan abin da littattafai suka kawo, na nemi izinin maigidan mu je wajen Yaya ni da yara. Shi kasuwa ba za ta bar shi ba. Da ƙyar ya amince, kuma da zai sa mu a mota sai ya dube ni ya ce, "Uku na ba ki, uku za ki dawo mini da su." Na yi dariya a lokacin. Ummi ce babba, shekararta 16, sai Abba mai 12, sai Auta da bai cika biyar ba. Ana saura kwana biyu tafiya Inna ta aiko wai ita ma da ita za a je, ta yi marmarin jikokinta na can. Wannan shi ne dalilin da ta faɗa. Ainihin dalilin yana ƙulle cikin jakar hannunta.

Tafiyar kilomita wajen 1,000 ce, ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, mun dai isa ƙafafu a kumbure. Washegari da daddare muna tsakar gida na ce da Yaya, "To yaushe za ka kai mu bakin teku?"

Ya ce, "Wanne?"

Na yi sororo. Ni a zatona bakin teku wuri guda ne, kamar a ce gidan zu, a shiga mota a ce da direba ga inda za a. Ashe gaɓar tekun Legas tun daga iyakar Seme take, ta miƙe gabas har ta wuce Lekki, kuma kowane yanki da sunansa, da masu shi, da kuɗin ƙofarsa, da halinsa. Nan fa kowa ya fito da abin da ke ransa. Ummi ta zaro waya tana nuna mana wani wuri mai fararen kujeru da lemomi, wai can take so ta yi hoto ƙawayenta su gani. Abba shi ba ruwansa da kujeru, iyo ya zo yi, domin kuwa ya koyi ninƙaya a kududdufin bayan unguwarmu a ɓoye, yana ganin kansa kifi. Ni kuwa wurin da zan zauna da hijabina ba tare da na dinga rufe wa yara ido ba nake nema. Inna tana gefe a kan tabarma ba ta ce uffan ba, sai da muka gama hayaniyarmu sannan ta buɗe jaka ta fito da wani hoto marar kala, gefensa duk ya ci.

Na san hoton, amma rabona da shi tun kafin rasuwar Baba. Shi ne tsaye da babbar riga, takalmansa a hannu, ita kuma ta ɗan ja baya da shi ta sunkuyar da kai, ga doki a bayansu, ga ruwa ya yi fari. A 1978 aka yi shi, tana amarya, lokacin Baba yana fataucin goro tsakanin Agege da Kano. Sau ɗaya tak ya taɓa fita da ita yawon shan iska a duk zamansu, kuma ranar ce.

Ta ce, "Ni Babici za a kai ni." Haka take kiran Bar Beach. Ba ta dubi Yaya ba, shi ne ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa. Ni ta duba ta ce, "Ki gaya wa wancan, in ya ga dama."

Yaya ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Anti ta tashi wai za ta duba shayi. Sai da Inna ta shiga ɗaki sannan ya ce da ni a hankali, "Babu shi fa. An cike wurin."

Wallahi ban gane ba. Na san ana rushe gida, ana tashin kasuwa, amma ban taɓa jin an ce bakin teku ya ɓata ba. Wani dattijo maƙwabcin Yaya, haifaffen Agege ne amma Hausarsa ta fi tawa, wanda ya yi aiki a tashar jiragen ruwa har ya yi ritaya, shi ya warware mini washegari. Ya ce tekun nan tana tafe da rairayi kullum daga yamma zuwa gabas, kamar yadda iska ke kwashe ƙasa daga gona zuwa gona. To tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka jera manyan duwatsu suka yi katangu a bakin mashigar jirage, don kada rairayi ya toshe musu hanya. Jirage suka samu hanya, amma rairayin da ya saba wucewa sai ya riƙa taruwa a bayan katangar yamma. Bar Beach kuwa a gabas yake. Ruwa yana ɗiba, ba a kawo masa, haka aka yi ta yi shekara da shekaru, gwamnati tana zuba yashi teku tana lashewa, har a shekarun 2000 ruwa ya riƙa hawowa kan titin Ahmadu Bello yana shiga gine-gine. Daga baya, wajen 2008, aka fara cike wurin gaba ɗaya da yashin da ake haƙowa daga cikin teku, aka kewaye da wata ƙatuwar katanga, aka kafa sabon gari a kai, shi ne Eko Atlantic.

Ya ce, "'Yata, wurin nan ya ga abubuwa. A nan ake harbe 'yan fashi a bainar jama'a, a ɗaure su jikin durom. Oyenusi ma a nan aka harbe shi a 1971, ina saurayi, mutane kamar ranar Idi." Da na ba Inna wannan labari daga baya sai ta ce ita ba ta san da wannan ba, ita dai ta san an saya mata kwakwa an fasa mata ta sha ruwan.

Mun yi shawarar ɓoye mata, a kai ta wani wurin a ce nan ne, tunda ruwa duk ruwa ne. Anti ce ta kawo shawarar, kuma har ga Allah na so in yarda. Yaya ya ce shi ba zai yi wa uwarsa ƙarya da furfurarta ba. Saboda haka ran Juma'a bayan an sauko ya zuba mu a mota ya bi da mu titin Ahmadu Bello, ya rage gudu ya nuna da hannu. Shinge ne, da ƙofa da masu gadi, can ciki ga dogayen benaye da fili fetal. Ko ƙyallin ruwa ba a hange sosai. Inna ta daɗe tana kallo ta taga, sannan ta ce, "Allah mai iko." Ta mayar da hoton jaka. Har muka koma gida, da duk gosulon da muka sha, ba ta ƙara magana ba.

Wurin da Ummi ta nuna a waya ma ashe tsohon hoto ne. Landmark ne, kuma a ƙarshen Afrilun 2024 aka rushe ɓangaren bakin ruwansa saboda babbar hanyar da ake yi daga Legas zuwa Kalaba. Kuramo da Yaya ya ce nan suke zuwa suna samari, shi kuma tun Agustan 2012 ruwa ya taso ya tafi da mutane, aka tashi rumfunan wurin. Na ce ikon Allah, mu da muka zo zaɓe, ashe rabin abin zaɓen ya riga mu tafiya.

A nan ne na yi wautar da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Ganin ran Inna ya ɓaci, yara kuma sun dame ni, sai na matsa wa Yaya lallai gobe Asabar mu je ko ina ne. Ya ce in bari a yi tambaya, na ce tambayar me, ba ga su nan birjik a Lekki ba? Ummi ta duba waya ta zaɓo wanda hotonsa ya fi kyau, muka tafi. Inna ta ce kanta na ciwo, ta zauna a gida.

Ba zan faɗi sunan wurin ba. Tun daga ƙofa aka fara tatsar mu, kuɗin shiga daban, na ajiye mota daban, na rumfa daban, hatta kular abincin da muka riƙo sai da aka ce ita ma da kuɗinta. Muna shiga kiɗa ya daki ƙirjina, ga kwalabe, ga shigar da ba zan iya kwatanta muku a takarda ba. Ni ba na cewa kowa ya zama ni, garinsu ne, hutunsu ne, amma dai na san ba nan ne wurin zamana da 'ya budurwa ba. Sai dai duk wannan na manta da shi da na ɗaga ido na ga ruwan. Jama'a, gani ya kori ji. Ba kwance yake ba kamar yadda na rubuta. Tasowa yake kamar gini, ya naɗo, ya faɗo da ƙara kamar an kifar da tifar yashi, ya shimfiɗo farin kumfa har ƙafarka, sannan ya ja da baya yana yashe rairayin da ke ƙarƙashin tafin ƙafarka. Na tsaya baki buɗe, riƙe da hannun Auta.

Ban san lokacin da Abba ya tuɓe riga ba. Iya gwiwa kawai ya shiga, na rantse muku iya gwiwa, ya juyo yana ɗaga mini hannu in gan shi. Ya ba ruwan baya ke nan. Sai gani na yi wata igiya ta taso ta bayansa ta rufe shi, da ta janye babu Abba a tsaye, sai wani baƙin abu yana birgima cikin kumfa yana yin ciki. Na buɗe baki in yi salati, murya ta ƙi fita. Wani saurayi mai jan doki da ke kusa shi ya saki linzami ya faɗa, ya cafko shi ta wando kafin ta biyu ta iso, suka faɗo tare a kan rairayi. Abba ya yi ta amayar da ruwa, gwiwa da haɓa duk sun ɗaye. Duka-duka abin bai kai minti ɗaya ba. Ni kuwa babu abin da ke yawo a kaina sai muryar babansu a tasha.

Da na dawo hayyacina ina yi wa saurayin godiya da guntun Turancina, sai ya amsa da Hausa, irin ta Sakkwatawa. Ya ce, "Hajiya, wanga ruwa ba a ba shi baya. Kuma ba lokacinai ba na." Ya nuna mini wani jan ƙyalle a kan sanda, wanda na wuce ta gabansa na ɗauka ado ne. Ashe alama ce ta kada a shiga.

Abin da na koya a ranar da kwanakin da suka biyo, daga bakinsa da bakin dattijon nan, shi ne wannan. Dogon hutunmu na Yuli da Agusta ya faɗo daidai lokacin da tekun Legas ta fi hauka. A fina-finai muna ganin Turawa na tururuwa bakin teku a waɗannan watanni saboda lokacin zafinsu ne, mu kuwa damina ce, igiyar ruwa ta fi girma, ruwan ya fi sanyi, sama a lumshe. Mai son ruwa mai ɗan sauƙi da rani yake zuwa, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Sannan gaɓar a tsaye take, taku kaɗan ƙasa ta zurma. Abin da ya fi ba ni tsoro kuma, ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma, sai ya haɗu ya yi wata 'yar siririyar hanya yana gudu zuwa ciki kamar kwata bayan ruwan sama. A ido wurin ya fi ko'ina kwanciya, babu kumfa, ya ɗan yi duhu, shi ya sa baƙo yake cewa bari in shiga ta nan. Wanda ya faɗa ciki in ya ce zai yi iyo ya dawo kai tsaye, gajiya zai yi ya nutse, sai dai ya bi ta gefe, a tsawon gaɓar, har ya fita daga hanyar. To yaron da ya koyi iyo a kududdufi ina zai san wannan? A Agustan 2022 ma 'yan makaranta huɗu ruwa ya tafi da su rana ɗaya a wannan yanki na Lekki.

Daren nan ban runtsa ba. Da asuba na ce da Yaya a haƙura, mu koma gida da mutuncinmu. Inna ce ta hana. Ta ja kunnen Abba ta ce, "Kai maigida, so kake ka bar ni da takaba?" Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Ke kuma da kika tashi zaɓe, da idon wa kika zaɓa? Kin tambayi wurin da wannan zai iya tsayawa?" Ta nuna Auta da baki. Na yi shiru, don kuwa ban tambaya ba. Hoto na bi, da haushi, da gaggawa.

Sai muka sake zama, wannan karon da dattijon a tsakiya. Ya ce tambaya uku zai yi mana, waye ƙarami, waye babba, kuma wa ya iya ruwa. Muka ce Auta, Inna, babu kowa. Ya ce to wuri biyu suka rage. Akwai Badagry can yamma kusa da Seme, mai itatuwan kwakwa da sarari da tarihi, inda ake tsallakawa tsibirin Gberefu a bi hanyar da aka bi da bayi zuwa bakin jirgi, har da Hausawa a cikinsu da aka kai Barazil. Ta garin ne ma Bature Clapperton ya sauka a 1825 ya kamo hanyar Kano da Sakkwato. Amma da nisa, da tafiyar ƙafa a rairayi wadda gwiwar Inna ba za ta ɗauka ba, kuma ruwan can shi ma na kallo ne, ba na shiga ba. Raina ya biya, na dai ajiye shi sai wani jiƙon.

Na biyun shi ne Tarkwa Bay. Ya ce shi wannan a tsakanin katangun duwatsun nan na Turawa yake, su suke karya ƙarfin igiyar kafin ta iso, shi ya sa ya fi sauran lafawa. Aibinsa ɗaya, mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa. Ya ce mu je ranar aiki ba Asabar ko Lahadi ba, mu tafi da sassafe, mu riƙe abincinmu da ruwan sha da tabarmar salla, kowa ya ɗaura rigar kariya kafin jirgi ya tashi, kuma mu juyo tun rana na sama. Ya ƙara da cewa a Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna wurin da yawa, saboda haka kada mu saki baki da tambayoyi in mun ga kufai.

Na ce shi ke nan, magana ta mutu, Inna da ko gadar Wudil aka hau sai ta rufe ido tana addu'a, ita ce za ta shiga jirgi? Sai ta ce, "Daga can ana hango Babici?" Dattijon ya ce, "Hajiya, tsallaken ruwa ne kawai, kina kallonsa." Ta ce, "To a je."

Ran Talata muka tafi. Tafiyar jirgin ba ta fi minti ashirin ba, amma a wajena ta yi shekara. Inna ta sha rigar kariya a kan hijabi, ta damƙe hannun Yaya, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Muka wuce ta gefen wasu jirage masu tsawon unguwa guda, Auta yana ta ihu yana ɗaga musu hannu.

Wurin ba aljanna ba ne, kada in yi muku irin ta littafina na farko. Akwai robobi da ledoji da ruwa ya turo, akwai masu bin ka da tallan kujera da rumfa, sai an yi ciniki kamar a Kwari. Amma babu cunkoso, babu kiɗan nan mai fasa kai, kuma ruwan yana zuwa ne a hankali ya taɓa ka ya koma. Can gefe wajen duwatsu wasu yara 'yan wurin suna hawa igiya a kan allo, Abba ya bi su da ido, na ce ko da wasa. Na ja masa layi a rairayi da ƙafata, iya idon sawu, fuska ga ruwa, Yaya na tsaye a gabansa. Bai yi musu ba, haɓarsa na tuna masa. Auta ya zauna daɓas a inda kumfa ke ƙarewa yana gina gida ruwa na rushewa. Ummi ta samu hotonta, har ta ce wai ya fi na wayar. Ni kuma na kamfaci ruwan na ɗan taɓa a harshe don in biya bashin amaryar nan. Allah ya ba ta haƙuri.

Inna ta sa aka kai mata kujera inda take fuskantar gabas. Ga benayen can tsallake cikin hazo, a kan wurin da ta taɓa tsayawa. Ta fito da hoton ta ɗora a cinya, ta dubi can, ta dubi nan. Na zauna a ƙasa kusa da ita ban ce komai ba. Can ta ce, "Ke 'yar nan, me tsohon nan ya ce game da rairayin? Wai ina yake tsayawa?"

Na ce, "A wannan ɓangaren, Inna. Bayan duwatsun can ya fi taruwa. Wanda ya kamata ya ƙarasa can ne ya maƙale a nan."

Ta jinjina kai. Ta zare takalmanta ta riƙe a hannu, ta tura ƙafafunta cikin rairayin har suka nutse. Sannan ta sunkuya ta damƙi cikin hannu ɗaya, ta ƙulle a bakin mayafinta kamar yadda take ƙulle canjin cefane. Wani yaro ya zo wucewa da kwakwa a baro, ta bi shi da kallo. Ban ankara ba sai ga Yaya ya tsayar da shi, ya sa an fasa ɗaya ya kawo mata da hannu biyu. Ta karɓa ba ta dube shi ba, ta ce da ni, "Ki ce wa wancan Allah ya yi albarka."